Yaƙin Gidan Gaba

Bayan godiya ga Mai kowa mai komai, wannan shi ne tarihin sadauki ɗan sadaukai, Lurwanu ɗan Mijinyawa. Mijinyawa kuwa shi ne wanda ya shekara talatin yana gadin ƙofar baitulmali, ba a taɓa samunsa yana barci ba sai sau huɗu. Shi kuma ɗa ne ga Tanimu ɗandoka, wanda ya kama ɓarawon agwagwa a kasuwar Laraba bayan ɓarawon ya gaji da gudu ya zauna yana jiransa. Tanimu ɗa ne ga Cindo mai ƙaho, wanda ya busa wa mayaƙan garinsu su fita fagen fama, shi kuma ya koma gida ɗauko takalminsa, bai samu sukunin fitowa ba sai da aka dawo. Daga wannan tsatso mai albarka Lurwanu ya fito: bajimin ofis, dodon fayil, guguwa mai tasowa ƙarfe goma ta lafa da azahar, Mataimakin Sufuritanda mai kula da tsare-tsare da saye-saye a rundunar 'yan sandan shiyyar Kwarin Maje, mai anini biyu a kafaɗa da na uku a zuci.

Wannan anini na uku shi ne asalin duk abin da ya faru. Shekara goma sha ɗaya Lurwanu ya yi da biyun nan, har gurbin da na ukun zai zauna ya koɗe saboda jira. Waɗanda suka shiga aiki tare sun wuce shi, waɗanda ya koya wa ƙamewa yanzu shi ke ƙame musu. Saura wata bakwai ya yi ritaya. Duk wanda ya san aikin ɗamara kuwa ya san bambancin wanda ya sauka da biyu da wanda ya sauka da uku: na farko a unguwa "tsohon ɗan sandan nan" ake ce masa, na biyu kuwa "Yallaɓai" ne har ranar da za a kai shi makwanci.

A wata Litinin, wadda masu ruwaya suka yi saɓani a kan ko sha biyu ga wata ce ko sha uku, Kwamandan shiyya, Alhaji Zailani, ya dawo daga wani taro a babban birni inda aka nuna musu majigin 'yan sandan wata ƙasa mai sanyi. A majigin, ɗan sanda yana zaune cikin motarsa ya danna lambar motar da ke gabansa a kwamfuta, kafin ya kurɓi shayinsa kwamfutar ta gaya masa ta sata ce. Kwamanda ya sa aka kira masa Lurwanu.

"Lurwanu, irin abin nan nake so a motocinmu na sintiri. Duka sha biyun."

"An gama, ranka ya daɗe."

"Ka ma san abin da nake nufi?"

"Zan bincika, ranka ya daɗe."

"Ranar da na ga abin nan ya yi aiki da idona, a gaban 'yan jarida, ranar zan sa hannu a takardarka ta ƙarin girma. Nan da wata huɗu sunaye za su tafi hedkwata. Na bana ke nan, babu wasu sai baɗi. Ka ji ni?"

Lurwanu ya ji. Ya buga ƙafa har ƙurar dardumar ofis ta tashi, ya fita ya ɗaura ɗamarar da gidansu ba su taɓa ganin irinta ba.

A nan wajibi ne mai rubuta tarihi ya yi adalci, ko da adalcin zai rage daɗin labari: Lurwanu ya yi aiki. Ya tara kwamiti na mutum tara, ya gano cewa shi kaɗai zai yi aikin, ya yi. Ya rubuta shafi sittin da huɗu na sharuɗɗan da kwamfutar da za a saya za ta cika. Ya rubuta cewa dole ta jure zafin bazara a cikin motar da aka rufe. Dole allonta ya karantu da tsakar rana, ba sai mutum ya lulluɓe kansa da riga ba. Dole kada ta zuƙe batir, domin batir ɗin mota ta uku shi ne na mota ta biyar, ranar Juma'a kuma na janareton masallacin bariki. Dole a kafe ta a kan hannun ƙarfe, a ɗaure da noti huɗu a ƙasan mota, saboda kada wata rana ta bi wani gida bisa kuskure. Ya ɗauki waya uku ya zaga shiyyar nan kaf, ƙauye bayan ƙauye, yana neman inda ake samun sabis, har ya zana taswira wadda ta nuna cewa a duk gabashin Kwarin Maje babu inda sabis ke sauka sai kan wani suri da ke bayan makabarta. Ba a taɓa jin an ƙetare ƙasa da irin wannan himma ba tun zamanin masu kafa garuruwa.

Daga nan aka shiga gumurzun fayil. Tsakanin teburin Lurwanu da na sakataren Kwamanda taku goma sha ɗaya ne. Fayil ɗin ya yi wannan tafiya cikin mako uku, ya ɓata sau biyu a hanya, aka tsince shi sau ɗaya an tokare tagar ofishin masu gadi da shi. Sadauki bai karaya ba. Ya bi shi tebur-tebur, yana gaisuwa, yana tambayar lafiyar iyali, yana yabon sababbin takalma, har fayil ya fito da sa hannu bakwai da tabon manja ɗaya.

'Yan kwangila uku suka amsa kira. Na farko ya zo da irin kwamfutar da ake ɗorawa a cinya, wadda har yanzu da hoton furen da wata ɗaliba ta manna a bayanta. Lurwanu ya sa aka ajiye ta a gaban mota, aka rufe gilasai, aka bar ta da rana. Minti arba'in ta yi ta riga mu gidan gaskiya. Na biyu bai zo da kwamfuta ba, ya zo da hotonta da gaisuwar wani babban mutum. Na uku ya zo da wata baƙar aba mai kauri kamar murfin tukunyar biki. Ta sha rana ta tashi garau. Sai Lurwanu ya sa aka ɗaure ta a mota, ya kira Saje Ilu direba, wani siriri mai farin gemu da ya shekara ashirin yana tuƙa motar sintiri, ya nuna masa hanyar Gidan Kwari, wadda ko jakai ke ratse mata, ya ɗaga hannu ya yi kururuwar da har yau ake tunawa da ita a bariki:

"Ilu! Kada ka bar rami ko ɗaya!"

Ilu bai bari ba. Suka dawo da yamma babu madubin gefe, babu salansa, Lurwanu na riƙe da ƙugu, baƙar aba kuwa tana nan tana haske. Aka sayi sha biyu.

Saura horo. Lurwanu ya rubuta wa dukkan shugabannin sintiri takarda cewa su halarci bita ta kwana biyar. Sai dai takardar ta ƙunshi wata jimla da ta girgiza zukatan mazaje: za a yi bitar ne a zauren bariki, babu otal, babu alawus, za a ba da ruwan leda. Cikin dare ɗaya annobar uzuri ta sauka a kan manya. Wani hawan jini, wani rasuwar surukin maƙwabci, wani muhimmin bincike. Kowa ya turo na ƙasa da shi, na ƙasan ya turo na ƙasa da shi, har abin ya gangaro inda babu sauran wanda za a tura. Daga ayarin mota ta bakwai aka turo Kofur Saratu Bulus, uwar 'ya'ya huɗu, wadda ta shekara goma sha huɗu tana buga rahotanni a keken rubutu, mai yatsu kamar na makaɗin kalangu. Kwana biyu ta yi ta ƙware, sauran ukun ta yi su tana gyara wa mai koyarwa kuskure. Shi kuwa Lurwanu ya buɗe bitar da jawabin minti hamsin a kan muhimmancin ilimin zamani ga kowane ɗan sanda komai girmansa, aka ɗauki hoto, ya wuce wasu al'amura da suka fi dacewa da matsayinsa.

Ranar gwaji ta zo, Alhamis, jajibirin tafiyar sunaye. An sa ƙarfe goma. An kafa rumfa, an jera kujeru, an wanke mota ta bakwai har launinta na asali ya fara leƙowa. A ƙarshen fili akwai wata tsohuwar mota da aka kama shekara shida da suka wuce, babu taya, kaji na ƙwai a cikinta. Lambarta aka shigar cikin jerin motocin sata domin gwajin. Tsarin mai sauƙi ne: mota ta bakwai za ta shigo fili da ayarinta, ta tsaya a gaban Kwamanda, a danna lambar tsohuwar mota, kwamfuta ta yi ƙara, a tafa, a sa hannu.

Da ƙarfe takwas Lurwanu ya iso da Kofur Saratu domin a gwada sau ɗaya kafin baƙi su zo. Ya buɗe ƙofar mota. Ya tarar da Sufeto Bawale a zaune.

Ga wanda bai sani ba, motar sintiri a-kori-kura ce. A gaba kujera biyu ne, ta direba da ta gefensa, wadda ake kira gidan gaba. A baya benci ne na katako ƙarƙashin tanfol. Babu littafin doka da ya faɗi wanda zai zauna a ina, domin ba a rubuta abin da kowa ya sha a nono. Wanda ya fi girma shi ke gidan gaba. Sauran halittu benci. Sufeto Bawale kuwa, shugaban ayarin mota ta bakwai, garjejen ƙato mai wuya uku, ya shekara goma sha tara a wannan kujera, har soson ya ɗauki siffarsa. Kwamfutar kuma, bisa shafi na talatin da ɗaya na sharuɗɗan da Lurwanu ya rubuta da hannunsa, an kafe ta tana fuskantar gidan gaba.

"Sufeto, ɗan sauko. Kofur za ta zauna."

Bawale ya sauko a hankali, mota ta ɗago ta yi ajiyar zuciya. Ya ƙame, ya sara, sannan ya yi tambaya da muryar da ake jinta har kantin bariki.

"Ni kuma ina zan zauna, sa?"

"Baya mana."

"A benci, sa? Kofur a gaba, Sufeto a benci?"

Masu jera kujeru suka tsaya. Mai share fili ya dafa tsintsiyarsa. Sufetoci biyu da ke shan inuwa suka miƙe tsaye kamar an ambaci iyayensu. A daidai nan Lurwanu ya tuna wane ne Alhaji Zailani: mutumin da ya taɓa tsayar da ayarin motoci a tsakiyar titi saboda ya hango kurtu a gidan gaba, bai kuma sauya ra'ayi ba da aka gaya masa kurtun karaya ce da shi asibiti za a kai shi. Idan Kwamanda ya ga Kofur a gaba Sufeto a benci, ba za a kai ga kunna kwamfuta ba.

"To Oga ya tsaya a ƙasa mana, sa," in ji Saratu. "Minti biyar ne fa."

"Motata ta fita ba ni?" in ji Bawale. "Babu laifi. A rubuto min a takarda, sa, da sa hannu."

Lurwanu ya san tsawon lokacin da takarda ke ɗauka ta yi taku goma sha ɗaya. Ya sauya dabarar yaƙi. Ya ce Bawale ya koma kujerarsa, Saratu ta tsaya a bakin ƙofa ta koya masa. Tarihi bai ga irin wannan karo ba. Yatsan Bawale ɗaya yana danna baƙaƙe uku a lokaci guda. Ya nemi tabarau, aka aika gida aka ɗauko, ya sa, ya ce ai na matarsa ne. Ya tambaya ko abin na jin Hausa. Ya danna wani wuri allo ya koma baƙi, ya danna wani wurin ya fara magana da wani yare. Bayan minti arba'in ya naɗe hannuwa a kan tumbinsa.

"Sa, ni fuska nake karantawa. Ɓarawo tun daga tafiyarsa nake gane shi. Wannan abin na masu buga takarda ne."

"To ku zauna ku biyu a gaban!"

Saratu ta dubi kujerar, ta dubi abin da Bawale ya rage na kujerar, wanda bai kai faɗin tafin hannu ba.

"Sa, da 'yan talabijin fa aka ce za a zo. Baban su Istifanus yana kallon labarai."

Ƙarfe tara da rabi ta gota. Motar 'yan jarida ta shigo. Sadauki ya tsaya a tsakiyar fili, gumi na bin gurbin anini na uku, yana kallon aikin wata huɗu, shafi sittin da huɗu, rana, ramuka da suri, duk suna shirin nutsewa a cikin soson kujera ɗaya. Ya auna zafi, ya auna batir, ya auna sabis. Bai auna cewa wanda ya iya ba ya zama, wanda ke zama bai iya ba.

Sai Saje Ilu, wanda tun ɗazu yake goge sitiyari, ya leƙo.

"Yallaɓai, ai kai ka fi kowa girma a nan. Ka zauna da kanka mana."

Fuskar Bawale ta washe. "Wannan kam daidai ne, sa. In mai anini ne a gaba, benci ba abin kunya ba ne."

Idanu suka juyo kan Lurwanu da girmamawa. Ga uban tafiya, ga wanda ya kawo abin, ga mai jawabin minti hamsin. Ya gyara hula, ya yi gyaran murya, ya yafito Saratu gefe, can bayan mota inda babu mai ji.

"Kofur."

"Sa."

"Ta ina ake kunna ta?"

Saratu ta daɗe tana kallonsa, irin kallon da take yi wa ɗanta na uku idan ya ce malami ne ya ɓatar masa da littafi.

"Sa, ba kai ka buɗe bitar ba?"

"Buɗewa na yi, Kofur. Ban ce na zauna ba."

A nan aka ƙulla makircin da ya ceci ranar. Tsakanin gidan gaba da bayan mota akwai wata 'yar taga da ake zugewa, daidai ƙeyar mai zama. Aka shirya Saratu za ta durƙusa a ƙarƙashinta, a cikin tanfol, tana leƙen allo ta kafaɗar Lurwanu tana raɗa masa abin da zai danna. Bawale zai zauna a bakin benci ya tare ta da jikinsa, aikin da Allah ya hore masa kayan yinsa.

Ƙarfe goma da rabi Kwamanda ya iso, aka busa, aka ƙame, aka yi jawabai. Sannan aka ba da alama. Mota ta bakwai ta kunno kai cikin fili tana tafiya ta ƙasaita, tana fitar da hayaƙin da ya isa a yi wa garin turare, a gidan gabanta ga ɗan Mijinyawa, jikan Tanimu, zaune cikin ramin da Bawale ya shekara goma sha tara yana haƙawa, har gemunsa na kusa da taɓa gwiwarsa, idanunsa a kan abokin gaba, abokin gaba kuma na kallonsa da baƙin allo mara tausayi. Ilu ya taka birki a gaban rumfa. Kwamanda ya taso da kansa, 'yan jarida na biye, ya dafa tagar mota ya sunkuyo.

"Bismillah, Lurwanu. Mu gani."

Daga bayan ƙeyarsa wata siririyar iska ta ce, "Gefen dama, sa. Koren. Ka riƙe shi."

Sadauki ya miƙa ɗan alinsa, yatsan da ya sa hannu a takardu dubu, ya danna. Allo ya kawo haske. Jama'a suka ce, "Ah!" Ya ɗaga kai ya hango lambar tsohuwar mota: baƙaƙe uku, sannan lambobi uku, wato huɗu, sifili da bakwai, sannan baƙaƙe biyu. Ya shiga farautarsu ɗaya bayan ɗaya a cikin wannan dajin maɓallai da wani maƙiyin jama'a ya hargitsa jerinsu da gangan, ya samo na farko bayan gwagwarmaya, ya ci na biyu da yaƙi, na uku ya miƙa wuya da kansa, ya kutsa cikin lambobi bai waiwaya ba, har ya kai ƙarshe ya danna babban maɓalli kamar mai soka mashi.

Allo ya yi tunani, sannan ya rubuta cewa babu mota mai wannan lamba a duniya.

Fili ya yi tsit. Wata kaza ta leƙo daga tagar motar da babu ita a duniya.

"Me ta ce?" in ji Kwamanda.

"Tana... tana tantancewa ne, ranka ya daɗe."

Saratu na gani, amma yanzu kan Kwamanda na cikin mota, ko numfashi mai ƙarfi ta yi zai ji. A wannan sa'a mai tsanani, wadda a cikinta ake gane mazaje, Saje Ilu ya dubi sama kamar mai tunanin lahira ya taka totur har ƙasa. Injin ya yi kururuwa, hayaƙi ya turnuƙe, Kwamanda ya ja da baya yana tari, cikin rugugin nan kuwa muryar Kofur ta faɗo kunnen Lurwanu ba ladabi ba komai:

"Sifili ne, sa, ba harafi ba! Na layin sama! Wayyo Allah, goge ka sake!"

Ya goge. Ya sake. Ya samo sifili na gaskiya a can ƙuryar sama inda ya ɓuya, ya danne shi, ya danna babban maɓalli. Wani ɗan zobe ya fara juyawa a tsakiyar allo yana neman sabis. Ya juya. Ya sake juyawa. Masu ruwaya sun ce daƙiƙa tara ne, Lurwanu ya ce ya fi shekara goma sha ɗaya. Sai allo ya koma ja wur, kwamfuta ta fasa ƙara.

"Ta sata ce!" Lurwanu ya kurma ihu, muryarsa ta sirance. "Wallahi ta sata ce!"

"A kewaye ta!" in ji Bawale, ya diro daga benci ƙasa ta amsa. Mazaje biyar suka ruga da bindigogi suka yi wa tsohuwar mota ƙawanya, suka umarce ta kada ta motsa, umarnin da ta riga ta shekara shida tana bi. Kaji suka watse ta kowace taga. Aka tafa, aka yi ta walƙiyar hoto, Kwamanda ya kama hannun Lurwanu ya ɗaga sama a gaban duniya.

Bayan azahar aka kira shi ofis. Takardar na kan tebur, sunansa a rubuce daidai, alƙalami a buɗe a hannun Kwamanda.

"Lurwanu, ka fitar da ni kunya. Ban taɓa sanin ka iya abin nan haka ba. Kai, yatsan nan naka!"

"Ƙoƙari ne dai, ranka ya daɗe."

"Wa kuma ya iya ta bayan kai?"

"Akwai Kofur Saratu, ranka ya daɗe. Da wasu kurata."

"Ba su nake tambaya ba. Cikin masu zama gaba."

Lurwanu ya buɗe baki. Gaskiya na nan a kan harshensa, amma gaskiyar ita ce shi ma bai iya ba, kuma ya yaudari Kwamanda a gaban talabijin. Ya haɗiye ta.

"Babu sai ni, ranka ya daɗe."

"To ka ga matsalar." Kwamanda ya rufe alƙalami. "Na riga na gaya wa 'yan jarida daga gobe motar nan za ta fara aiki a kan titi. Dole wanda ya iya ya zauna a ciki. Mai anini uku kuwa ba ya hawa a-kori-kura, Lurwanu, kai ma ka sani. Zubar da girman muƙami ne. In na sa hannu yau, na kashe aikin da hannuna."

"Ranka ya daɗe, sunayen gobe za su..."

"Ƙasa na bukatarka a inda kake. Sauran sha ɗayan a kai sito tukuna. Ka koya wa wani sufeto, in ya ƙware ka dawo mu duba maganarka." Ya ja aljihun tebur ya zura takardar. "Shi kuma Bawale ba zai yiwu a bar shi a benci kullum ba, dattijo ne. Ya riƙe maka ofis kafin nan."

Sunaye suka tafi ranar Juma'a. A safiyar ranar, mota ta bakwai ta fita sintiri hanyar Gidan Kwari, Ilu na tuƙi, sadauki ɗan sadaukai na gidan gaba da aninansa biyu da wata uku a gabansa, baƙar aba na haske a gefen gwiwarsa. Da suka faɗa rami na huɗu, 'yar tagar bayan ƙeyarsa ta zuge.

"Sa."

"Mene ne, Kofur?"

"In dai haka za mu yi ta yi har ka yi ritaya, a saya min ko matashi ne. Gwiwoyina sun ƙare."

Lurwanu bai waiwaya ba.

"Ki rubuta wa Sufeto Bawale," ya ce. "Shi ne mai saye-saye."